Hawan Chappal Waddi da Jagora: Abin da Na Biya da Abin da Na Samu

Duk wanda ya tambaye ni ko ya dace ya ɗauki jagora kafin ya hau Chappal Waddi, ina ce masa ya ɗauka, amma ya fara tantance wanda zai taka dutsen tare da shi kafin ya tura wa kowa kuɗi. A tafiyarmu mutum biyu ne suka yi mana hidima. Na farko wani matashi ne da ke tallata shirya tafiye-tafiye a Facebook da WhatsApp, shi muka biya, kuma aikinsa rabi da rabi ne. Na biyu wani dattijo ne Bafulatani daga yankin Njawai, wani gari da ke kan hanyar dutsen, wanda matashin ya haɗa mu da shi, shi ne ya kai mu ƙoli ya dawo da mu lafiya. Kuɗin da muka kashe, a wurin dattijon nan muka ga amfaninsa.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare a Zariya. Shekara da shekaru ina rubuta wa ɗalibai a allo cewa wuri mafi tsayi a Najeriya shi ne Chappal Waddi, wanda wasu ke kira Gangirwal, mita 2,419 daga matakin teku, a jihar Taraba, daidai bakin iyakarmu da Kamaru. Ina gwada musu shi da duwatsun Shere na kusa da Jos, masu mita 1,829, da Dimlang na tsaunukan Shebshi mai mita 2,042. Sai na ga bai kamata in yi ta koyar da wurin da ban taɓa sa ƙafa ba alhali a cikin ƙasata yake. Muka haɗa kai da wasu abokan aiki, muka tafi a watan Janairu.

Dutsen yana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Gashaka-Gumti, a ɓangarensa na kudu. An kafa gandun a 1991, ya ratsa Taraba da Adamawa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma babu wanda ya kai shi girma a gandun dazuzzukan ƙasar nan. Hedikwatarsa tana garin Serti. Hanyoyin hawa biyu ne sanannu. Akwai doguwar, wadda ake tasowa daga cikin gandun ta wajen ƙauyen Gashaka, a keta kurmi da koguna a ƙafa, tafiyar kwanaki masu yawa ce, sai wanda ya shirya sosai. Akwai kuma gajeruwar, wadda ake fara hawa tsaunin Mambila da mota, a bi ta Nguroje zuwa Njawai, daga nan a shiga da babur da ƙafa. Tunda Mambila kanta tana kan kimanin mita 1,600, mota ce ke cinye maka mafi yawan hawan. Wannan muka bi, kuma ita ce yawancin masu shirya tafiya ke sayarwa.

Daga Jalingo muka kama hanyar Bali zuwa Serti. Nan matashin ya yi abin a yaba masa. Tun kafin mu iso ya riga ya sanar da ofishin gandun, saboda haka neman izini bai ci mana lokaci ba. Aka rubuta sunayenmu, muka biya kuɗin shiga aka ba mu rasit, aka kuma shirya ma'aikacin gandu da zai raka mu. Kada wanda ya ce maka ana iya tsallake wannan mataki don a rage kuɗi. Wurin iyakar ƙasa ne, kuma daji ne mai kariya, mutanen ofishin nan su ne ke da labarin halin tsaro na kwanakin, su ne za su ce maka ka tafi ko ka dakata. Ma'aikacin da aka haɗa mu da shi mutum ne mai natsuwa, ya san aikinsa, bai nemi ko sisi a wurinmu ba bayan abin da ke rubuce.

Bayan Mayo Selbe hanya ta fara murɗewa tana hawa gefen tsauni. Lanƙwasa bayan lanƙwasa, gefe ɗaya bango, gefe ɗaya rami, direba na ta canja giya. Kafin mu kai Maisamari kunnuwa sun toshe, kowa ya ja gilashin mota ya lalubo rigar sanyi. A sama kuma sai ƙasar ta buɗe: tuddai masu ciyawa suna bin juna har iyakar gani, jerin bishiyoyin turare a kewayen gidaje, shanu jajaye da farare a ko'ina. Tsayin wurin ya hana tsando zama, don haka cutar sammore ba ta addabar dabbobi kamar a kwari, abin da ya jawo makiyaya ke nan suka cika tsaunin. Wannan ce ƙaramar hukumar Sardauna mai hedikwata a Gembu, yankin da ya taɓa zama ƙarƙashin Jamusawa, sannan Ingila ta riƙe shi amana, har ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigo da shi Najeriya. Fulatanci ne harshen kasuwa a nan, amma da Hausa ma mutum zai yi ciniki ya tambayi hanya ba matsala. A Nguroje muka kwana, muka sha shayin Highland da ake nomawa a Kakara, nan kusa.

Matsalar farko da safe ta ɓullo. A saƙon da matashin ya turo mana ya rubuta cewa kuɗin ya haɗa da sufuri. Da 'yan acaɓa suka taru sai ya ce sufurin da yake nufi na mota ne, kuɗin babur daga aljihunmu zai fito. Babur kuwa a wannan hanya ba a yi sai da shi, kuma kowane mutum da nasa, kaya ma da nasu. Aka tsaya ciniki a tsakar rana, mu baƙi, ba mu san farashi ba, ba mu da zaɓi. 'Yan acaɓan ba su zalunce mu ba. Da na ga hanyar da suka bi da mu, jar ƙasa mai santsi, gangara mai tsinini, gadojin katako, wuraren da sai ka sauka a tura babur, na tabbata sun ci halalinsu. Laifin na wanda ya ɓoye mana ne. Mai sana'ar shirya tafiya ya kamata ya rubuta komai dalla-dalla: mota nawa, babur nawa zuwa da dawowa, jagora nawa, masu ɗaukar kaya nawa, abinci nawa. In ka ga an dunƙule maka kuɗi wuri ɗaya, ka nemi a warware maka shi kafin ka baro gida.

A Njawai muka haɗu da dattijon. Siriri ne, dogo, da sanda da takalmin roba irin na makiyaya, ya yafa bargo a kafaɗa. Bai yi doguwar magana ba. Ya dubi ƙafafunmu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan wani abokinmu da ya sa sabon takalmi fil.

"Malam, yaushe ka saya?"

"Shekaranjiya, Baffa, a Jalingo."

"Kana da tsohon?"

Yana da shi a jaka, wani tsohon kambas da ya zo da shi don zaman masauki. Baffa ya ce shi zai sa. Sannan ya ɗaga jakunkunanmu yana auna nauyinsu da hannu, ya sa muka fitar da abin da ba dole ba muka bari a gidan wani ɗan'uwansa. Lemon kwalba, ƙarin tufafi, wata tukunya, duk suka zauna. Ruwa ma ya ce kada mu ɗauki fiye da na rabin yini, akwai inda za mu ɗiba a gaba.

Kafin mu kama hanyar ƙafa ya kai mu gaisuwa wurin Jauro, wato mai garin ƙauyen ƙarshe. Muka tuɓe takalma, muka durƙusa, shi ya yi magana da Fulatanci, mu muka ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Zariya, mun zo ganin dutse." Muka miƙa goro da sukari da ganyen shayi, waɗanda Baffa ya sa muka saya tun a Njawai. Jauro ya yi mana addu'a, ya sa aka kawo kindirmo a ƙwarya. Wani zai ɗauka ɓata lokaci ne. Ni na ga amfaninsa a hanya, domin duk rugar da muka wuce labarinmu ya riga mu isa, ba wanda ya tsare mu da tambaya, wata tsohuwa ma ta aiko yaro da dafaffen dankalin Turawa. Babu ko kalma ɗaya a kan wannan gaisuwa a tsarin da aka turo mana ta waya.

Hawan kansa ba na igiya ba ne, ba kuma sai ka iya hawan duwatsu ba. Tafiya ce a kan tudun ciyawa, amma mai tsawo da cin rai, saboda ƙasar ba ta hawa kai tsaye. Ka hau tudu, ka gangara kwari, ka ƙetare rafi, ka sake hawa wanda ya fi na baya. Sau da yawa za ka hango wani ƙoli ka ce shi ne, in ka isa ka tarar da wani a bayansa. Hanyoyin shanu sun yi yawa, sun sarƙe da juna, kowace ta yi kama da 'yar'uwarta. A nan ne na fahimci dalilin da ya sa taswirar waya ba za ta wadatar ba. Taswira za ta nuna maka inda ƙoli yake, amma ba ta san wace gangara ce ke ƙarewa a bakin rami ba.

Abin da ya fi burge ni a aikin Baffa shi ne yadda yake riƙe tafiya. Bai taɓa sauri ba. Ya sa wanda ya fi kowa rauni a bayansa kai tsaye, ma'aikacin gandu a ƙarshe, ya ce kada kowa ya wuce shi. Takunsa gajere ne, iri ɗaya, a hawa ko a gangara. In gangara ta yi tsanani ba ya fuskantarta kai tsaye, sai ya riƙa yanka ta a karkace, dama da hagu, yadda shanu ke yi. Hutu kuma shi ke yanke lokacinsa, kuma gajere ne, ba ya barin jiki ya yi sanyi. Da numfashin ɗaya daga cikinmu ya fara sama-sama, bai ce masa komai ba, sai ya tsaya yana nuna mana wani abu a nesa har mutumin ya dawo daidai. Sai daga baya na lura cewa da gangan yake yi, don kada mutumin ya ji kunya a gaban abokansa.

Ga mai sha'awar labarin ƙasa, wurin makaranta ne. Saman tuddai ciyawa ce zalla, amma a kowane kwari akwai kurmi mai duhu, bishiyoyi dogaye da gansakuka ta lulluɓe rassansu, ruwa na fita daga ƙarƙashinsu. Iyakar kurmin da ciyawar a yanke take sarai, kuma wuta ce ke yanke ta: makiyaya na ƙona ciyawa da rani don sabuwa ta tsiro, wutar ta ci har bakin kurmi ta tsaya inda danshi ya fi ƙarfinta. Mun bi ta wuraren da aka ƙona, toka na tashi, koren tsiro na leƙowa daga baƙar ƙasa. Waɗannan ƙananan kurmi su ne ke riƙe ruwan da ke gangarawa ya zama rafuka, rafukan su shiga kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Duk bishiyar da aka sare a nan, mai noman rani a can ƙasa ne zai ji a jikinsa. A irin dazuzzukan gandun ne ake samun birin cimfanzi na Najeriya da Kamaru, wanda ya yi ƙaranci a duniya, tare da ɓauna da bika da sauran namun daji. Mu dai a wannan hanya tsuntsaye muka fi gani, sai wasu birai baƙi da fari masu doguwar jela da suka tsallake a saman bishiyoyi. Wanda burinsa ganin namun daji ne, ɓangaren Gashaka da Kwano, can cikin kurmin gandun, ya kamata ya nufa.

A bakin wani kurmi Baffa ya hana mu ɗiban ruwa a inda muka fara tsayawa. Ya nuna mana sawun shanu a laka, ya haura da mu sama kaɗan, inda ruwan ke fitowa daga tsakanin duwatsu biyu. Ya sa hannu ya kawar da ganyen da ya taru, ya jira ruwan ya washe, ya naɗe wani faffaɗan ganye ya mai da shi mazurari, ya cika mana gorunanmu ɗaya bayan ɗaya. Ruwan garau, sanyinsa har haƙori. Duk da haka mun sa ƙwayar tace ruwa, kuma ina ba kowa shawarar ya zo da ita.

Dare ne ya tona babban aibin hidimar da muka saya. Matashin ya ce mana mu zo da rigar sanyi, iyakar abin da ya faɗa ke nan. Lissafin kuwa a bayyane yake. A kowace mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Zariya tana kan kusan mita 650, saboda haka a kusa da ƙolin nan sai ka cire wajen digiri 11 daga abin da ka saba, ga iska da ba abin da ke tare ta. Ni na yi wannan lissafi na zo da shiri, amma biyu daga cikinmu sun dogara da maganar mai shirya tafiya. Tantunan da ya ba mu na shan iska ne a lambu, marasa rufi na biyu, ɗaya zif ɗinsa ya lalace. Babu shimfiɗar da za ta raba mu da sanyin ƙasa. Babu akwatin magani ko na ciwon kai. Raɓa ta sauko ta jiƙa tantunan tun kafin tsakar dare.

Baffa ne ya ceci daren. Tun da la'asar ya ƙi yarda mu kafa tanti a wani fili mai kyan gani da muka zaɓa, ya ce iska za ta same mu, a ƙasan kwari kuma sanyi ke kwanciya. Ya kai mu wani lungu a tsakiyar gangara, bayan wani dutse. Shi da masu ɗaukar kaya suka yanko busasshiyar ciyawa suka shimfiɗa mai kauri a ƙarƙashin tantuna, ya ɗaure ƙofar da ta lalace da igiyar da ya murza a take. Ya share kewayen murhu sosai kafin a hura wuta, ya tuƙa tuwon masara, aka sa man shanu, aka bi da shayi mai citta. Bargonsa ya ba wanda ya fi jin jiki, shi ya kwana a bakin wuta. Da asuba ya ɗumama mana ruwan alwala ba tare da mun roƙa ba, ya nuna mana alƙibla, muka yi salla a bayansa. Kafin mu tashi ya kashe wutar da ruwa, ya tona tokar da sanda ya tabbatar babu garwashi.

Hawan ƙarshe shi ne mafi tsanani, ciyawa jiƙe, iska na bugun fuska. Ƙolin fili ne mai ciyawa, a buɗe ta kowane gefe. Ta gabas ƙasar Kamaru ce, tsaunuka jere bayan jere, ta yamma da arewa kuma kwaruruwan gandun. Wayar wani daga cikinmu ma sabis ɗin Kamaru ta kama. Waɗannan tsaunuka ɓangare ne na dogon jerin da ya taso tun daga Dutsen Kamaru na bakin teku ya bi iyaka zuwa arewa, kuma daga nan sama mutum na ganin yadda suke haɗe. Sai dai gaskiya hazon hunturu ya rage mana nisan gani. Wannan shi ne halin watan Janairu: hanya a bushe, babur na shiga, amma sararin sama ba ya washewa sosai. Da damina, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, ƙasar ta fi kyau amma hanyar babur kan gagara, rafuka su cika, gajimare ya rufe dutsen. Baffa ya ce shi ya fi son ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba, ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba. Bai bar mu mun daɗe a sama ba. Ya ce gangara ta fi hawa cin gwiwa, kuma yana so duhu ya same mu a ƙauye.

A hanyar dawowa na tambayi ɗaya daga cikin masu ɗaukar kaya abin da aka ba shi. Da ya faɗa, raina ya ɓaci. Yaron nan ya ɗauki kayan mutum biyu a ka, da silifas, ya hau inda muke haki ba kaya, kuma abin da ya samu bai kai kuɗin babur ɗaya ba. Na Baffa ma, in aka gwada da jimillar da muka biya, kaɗan ne ƙwarai. Muka haɗa abin da ya sawwaƙa muka ba su hannu da hannu. Da na yi wa matashin magana ya saurara, bai yi musu ba, ya ce zai gyara tsarin kuɗinsa ya kuma sayi tantuna masu kyau. Ina fata ya cika, domin yana da ƙoƙari, ya san mutane, motar da ya kawo lafiyayya ce, kuma duk lokacin da muka kira shi ya ɗauka. Yadda na samu hidimarsa a lokacin dai, ta dace ne kawai da wanda zai zo da kayan kwanansa ya kuma bi diddigin kowane kuɗi.

Wanda ke da niyya, ya fara da ofishin gandun a Serti, ya nemi a haɗa shi da jagora ɗan yankin, ya yi magana da jagoran kai tsaye a kan ladansa da na masu ɗaukar kaya. Ya zo da tanti mai rufi biyu, da jakar barci, da shimfiɗa, da hular sanyi da safar hannu, da tocila, da takalmin da ƙafarsa ta saba da shi. Ya riƙe katin shaida saboda shingayen jami'an tsaro a hanya, ya kuma ciri tsabar kuɗi tun daga Jalingo ko Serti, kada ya dogara da tura kuɗi ta waya bayan Nguroje. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko asma ya ga likita tukuna, domin in abu ya faru a can sama, sai an sauko da mutum a kafaɗa zuwa inda babur ke iya zuwa, daga nan kuma a yi tafiyar sa'o'i kafin a kai asibiti.